Tarihin Hanyoyin Mota na Nijar: Wa Ya Shimfiɗa Su, Me Ke Cinye Su



A bangon kusan kowane aji na lakwal akwai taswirar Nijar. In mutum ya tsaya ya dube ta da kyau zai ga jan layi guda, dogo, ya taso daga Yamai ya bi ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, Damagaram, Gure da Difa, har Gigimi kusa da tafkin Cadi. Tsawonsa ya kai kilomita wajen 1,500. Ita ce hanya mai lamba 1. Daga jikinta ƴan rassa sun gangara kudu, ɗaya zuwa Gaya, sauran zuwa iyakar Najeriya. Biyu sun hau arewa, ɗaya ta Tawa ɗaya ta Tanut, sun haɗu a Agadas sun wuce Arlit. Wasu kaɗan sun fita yamma da Yamai. In ka ɗauke waɗannan, sauran ƙasar, mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, kusan fara fat take. Yara sukan tambaye mu: mushe, wa ya zaɓi inda layin zai bi? Amsar da muka samu bayan bincike ita ce kaya ne suka zaɓa. Kowace babbar hanya a ƙasar nan akwai kayan da aka yi ta dominsu, mutane daga baya suka shiga.

Kakanninmu ba su rasa hanya ba kafin zuwan mota. Ayarin Azbinawa yana sauko da gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, ya sayi hatsi a Damargu, ya wuce Kano. Fatake suna fita da jakuna da takarkarai zuwa Gwanja neman goro, tafiyar wata da watanni. Daga Damagaram akwai hanyar da ke bi ta Agadas da Gat har Tarabulus. Hanyar wancan zamani jerin rijiyoyi ce da zango-zango. Tana da madugu, tana da jagaba, tana da kuɗin fito da ake biyan sarakuna don su tsare ta daga ƴan fashi. Abu ɗaya muke so a riƙe daga wannan zamani, don za mu bukace shi nan gaba. Ba mu taɓa jin an kafa wa falke dokar nauyin kaya ba. Raƙumin nasa ne, jakin nasa ne. In ya ɗora wa raƙumi abin da ya wuce kilo 150 ko kusa da haka a doguwar tafiya, bayan dabbar zai yi miki, ta durƙushe a tsakiyar Tenere, hasara kuwa tasa ce shi kaɗai.

Zamanin Nasara

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Shekara guda kafin nan, su da Ingilishi sun zauna a Paris sun raba ƙasar a takarda. Kamar wanda ya kafa turke a Sakkwato ya ja igiya mai tsawon mil 100, wato kilomita 160, ya kewaya da ita: duk abin da ya faɗa cikin wannan baka na Ingilishi ne, har da Ƙonni da Madawa. Sai Faransawa suka tarar ba su da hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Dole ayarinsu ya yi kwana ta Filinge da Tawa, inda rijiya take nesa da rijiya, dabbobi da ƴan dako suna mutuwa da ƙishirwa. Suka yi ta kuka har aka sake zama a 1904 da 1906, aka tura iyaka kudu. Tawagar kyaftin Tilho ita ta bi ta kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908. Ashe iyakar da ta raba mu da danginmu na Katsina da Daura da Gobir ta kudu, maganar hanya ce ta sa ta inda take. Shi ya sa hanya mai lamba 1 take tafe kafaɗa da kafaɗa da iyaka, wani wurin ma ba su fi ƴan kilomitoci tsakani ba.

Mota ta zo daga baya. A ƙarshen 1924 ayarin motocin kamfanin Citroën ya ratsa Yamai da Damagaram ya nufi Cadi, mutane suka fito kallo. A 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka mai da shi Yamai. To, kwamandan yana son ya shiga mota ya zaga ƙasarsa, kuɗin yin hanya kuwa babu. Nan aikin dole ya shigo. Bayan lanho, kowane namiji mai ƙarfi akwai kwanakin da zai yi wa Nasara aiki kyauta a shekara. Sarkin kanto ya raba wa masu gari, mai gari ya raba gida-gida. A sare itace, a tono marmara, a ɗauko ta a kwando bisa kai, a zuba, a daɓe da hannu kamar daɓen ɗaki. Inda rairayi ya yi yawa a shimfiɗa kara da ciyawa don kada motar kwamandan ta kafe. Gardi yana tsaye da bulala. Dattawanmu sun ji wannan daga bakin iyayensu, sun fi mu sani, sun kuma san gidajen da suka tashi suka koma ƙasar Ingilishi saboda shi. Ba a soke aikin dole ba sai ranar 11 ga Afrilu 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Ufuwet Bwanyi na Kodibuwar.

A ganinmu wannan ya bar tabo. Tun daga lokacin talaka ya ɗauki hanya a matsayin kayan hukuma. An sa shi ya yi ta da bulala, ba shi ya hau ta ba. Har yau in aka ce a fito gayyar rijiya ko ta masallaci gari yakan fito, amma in aka ce aikin hanya sai kowa ya tuna yana da uzuri.

Gyaɗa

Abin da ya mai da waɗannan turbobi hanyoyin kasuwanci shi ne gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, Nguru a 1930. Gyaɗar Maraɗi da Tasawa da Matamai da Magarya ba ta da mafita mafi kusa da wannan. Saboda haka hanyoyin da suka fara cika da manyan motoci masu gangarawa kudu ne: Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina, Damagaram zuwa Daura da Kano. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suna saye a kasuwannin kaka, a yi dala da buhuna, motoci su kwashe.

Faransa ba ta ji daɗin ganin gyaɗar ƙasar da take mulka tana bin jirgin Ingilishi ana biyan kuɗin dako da fam ba. Ita ma tana da jirgi daga Kwatano, amma ya tsaya a Paraku tun 1936, kilomita 438 daga teku, bai ƙara gaba ba. A 1953 aka fito da wani shiri da aka raɗa wa sunan tsattsewa, Irondel da Faransanci, don motocin suna kai da komowa kamar tsuntsuwar: su hau da kayan kanti da siminti da mai daga Paraku, su sauka da gyaɗa. Hanyar ta fi ta Kano nisa ƙwarai, sai hukuma ta riƙa cike gibin kuɗin dako. A Gaya kuwa da jirgin fito ake ƙetare kogi, sai a 1958 aka gama gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahome da Nijar, OCDN, mai kula da jirgin da dakon. Bayan mulkin kai aka kafa SONARA a 1962 don sayen gyaɗa, aka kafa SNTN don dakon kaya da mutane. A kakar 1966 zuwa 1967 gyaɗar da aka saya ta kai ton wajen dubu 190, ba a sake ganin irin haka ba. Yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, ya dagula dako ta Najeriya, ya ƙara tura kaya yamma.

Tsofaffin direbobinmu suna da labari a nan da yara ba za su yarda ba. Har zuwa watan Afrilu na 1972 Najeriya hannun hagu take tuƙi. Direba ya taso daga Maraɗi a hannun dama, in ya wuce Ɗan Isa ya shiga Jibiya sai ya koma hagu, in ya juyo ya sake komawa dama. Wanda barci ya ɗan ɗauka a wannan tsakani, Allah ya kiyaye.

Kwalta ta zo gutsure-gutsure, galibi da kuɗin asusun Turai da ake kira FED. Da farko siririya ce, in motoci biyu suka haɗu sai kowace ta sauke ƙafa ɗaya a burji. Sai cikin shekarun 1970 aka gama haɗa Yamai da Damagaram. Gadar Kenedi ta Yamai, da taimakon Amurka, an buɗe ta a 1970. Daga Gure zuwa Gigimi Kanada ce ta biya, aka kira ta hanyar haɗin kai, don kafin nan mutumin Manga ya fi sanin Maiduguri da babban birnin ƙasarsa. Yunwar 1973 da 1974 ta nuna wa kowa abin da rashin hanya ke nufi: hatsin taimako yana jibge a tashar jirgin ruwa da manyan garuruwa, mutane suna mutuwa a inda mota ba ta iya zuwa. Cikin wannan hali soja suka karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, daga nan ba ta sake tashi kamar da ba.

Kafin gyaɗa ta gama faɗuwa wani kaya ya fito a arewa. An fara haƙar uraniyam a Arlit a 1971, kamfani na biyu ya soma a Akokan a 1978. Ma'adinin yana bukatar a hau masa da farar wuta da mai da injuna daga Kwatano, a sauko da shi cikin ganguna. Sai aka shimfiɗa kwalta daga Tawa ta Abalak da Agadas har Arlit, sama da kilomita 600, kamfanonin haƙar suka sa hannu a kuɗin, aka gama a farkon shekarun 1980. Waɗanda suka bi ta tana sabuwa sun ce ba a taɓa ganin irinta ba. Waɗanda suka bi ta bayan shekara 30 sun ce direbobi sauka suke daga kanta su bi daji, don dajin ya fi ta laushi. A yarjejeniyar 2014 tsakanin gwamnati da kamfanin Areva sai da aka sa maganar yuro miliyan 90 don gyaran wannan hanya.

Wa zai gyara?

In aka haɗa duka, da kwalta da burji da turbar karkara, hanyoyin Nijar sun kai kilomita wajen dubu 20, mai kwalta ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kusan duka baƙo ne ya biya kuɗin yin su, kyauta ko bashi. Baƙo yana son ya gina sabuwa, a yanka kyalle, a buga ganga, a sa sunan ƙasarsa a allo. Share kwalbati da cike rami ba su da biki, sai aka bar wa gwamnati. Da can ma'aikatar ayyuka, wadda muka fi sani da TP, tana da leburori a kan hanya da injin kankare gargada. Da farashin uraniyam ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, kuɗin gyaran hanya na cikin na farko da aka yanke, don hanya ba ta yajin aiki. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kwalta da taya da kayan gyara duka suka ninka. A 1999 aka kafa asusun gyaran hanya na musamman, CAFER, wanda a 2017 aka mai da shi FER. Kuɗinsa daga harajin man fetur yake fitowa, da ƴar takardar da direba ke yanka a shingen fita gari. Dabarar mai kyau ce, mai amfani da hanya shi zai biya gyaranta. Sai dai abin da ke shiga bai taɓa kamo abin da ke lalacewa ba.

To me ke lalata ta da sauri haka? Ruwa da nauyi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: nauyi ya tsaga kwalta, ruwa ya shiga tsagar ya jiƙa burjin da ke ƙasa, mota ta gaba ta taka ya zama rami. Mun gani a damanar 2024, da ruwa ya yanke hanya mai lamba 1 a bakin Yamai, babban birni ya yi kwanaki motocin gabas ba sa shiga. Ruwa na Allah ne. Nauyi kuwa namu ne, don haka bari mu tsaya a kansa mu yi ɗan lissafi irin na allo.

Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi a Amurka sun gina hanyar gwaji, suka sa manyan motoci suna kewaya ta dare da rana da nauyi iri-iri, suna auna ɓarnar. Abin da suka gano shi ake aiki da shi a duniya har yau. Hanya ba ta damu da nauyin mota gaba ɗaya kamar yadda ta damu da nauyin da ke kan kowane layin taya ba. Kuma ɓarnar ba ta tafiya daidai da nauyi. In ka ninka nauyin layin taya sau 2, ɓarnar ba sau 2 take ninkuwa ba, sau 16 ne, wato 2 sau 2 sau 2 sau 2. Layin da ya kamata ya ɗauki ton 12, in aka ɗora masa 18, ƙarin rabi ke nan kawai, ɓarnarsa ta ninka sau 5. Ma'ana, hanyar da aka yi don ta shekara 15, in duk motocin da ke binta haka suke, shekara 3 za ta yi. Ƙaramar mota mai ton ɗaya a layin taya kuwa, sai irinta dubu 20 sun wuce kafin su yi ɓarnar layi guda na gingimari mai ton 12. Saboda haka masu babur da masu amalanke da ƴan tasi ba su ne ke cin kwalta ba, ko da sun fi yawa.

Dokar nauyi tana nan. A watan Disamba 2005 ƙasashen UEMOA, masu kuɗin sefa, suka amince da doka mai lamba 14. Ta ce layin taya na gaba kada ya wuce ton 6, layin baya guda mai tagwayen taya kada ya wuce ton 12, tirela mai layi 6 kuwa, da ita da kayanta, ton 51. Wanda ya wuce zai biya tarar jika 20 a kan kowane ton in dakon cikin gida ne, jika 60 in na tsakanin ƙasashe ne, kuma a sauke abin da ya yi yawa kafin ya wuce. An kafa ma'aunin mota a wurare. A 2009 Nijar ta gwada aiki da dokar da gaske, motoci suka yi cirko-cirko a kan iyaka, ƴan kasuwa suka yi kuka, aka sassauta. Daga nan ministocin ƙasashen suka yi ta zama suna ɗaga wa'adi, suna ba da rangwame.

Kada mu yi wa masu motoci rashin adalci, da yawansu ƴan'uwanmu ne, wasu ma suna karanta wannan takarda. Akwai abin da ke tura su. Tsakanin Nijar da ƙasashen bakin teku akwai yarjejeniyar rabon kaya: abin da ya sauka a tashar jirgin ruwa da sunan Nijar, kashi biyu cikin uku na motocin Nijar ne, kashi ɗaya na masu tashar. Hukumar CNUT ke sa ido a kan wannan. An yi shi don a kare namu, kuma ya kare su. Amma a ƙarƙashinsa sai tsarin layi ya kafu, kowace mota ta jira juyinta, sabuwa da tsohuwa duk ɗaya. Mota takan yi makonni tana jiran lodi. Ga shi abin da muke shigowa da shi ya fi abin da muke fitarwa nauyi nesa ba kusa ba, don haka sau da yawa wayam take gangarawa, in ba ta samu albasar Galmi ko wake ko dabbobi ba. Ga shingaye a hanya, kowane da abin da ake miƙawa. Ɗan kasuwa kuma da ton yake biya. Mai mota ya duba ya ga tafiya ɗaya ce za ta biya masa ta biyu, sai ya kai motar gareji a ƙara mata sifirin, a ɗaga bodi, ya ɗora ton 70 inda doka ta ce 51. Lissafinsa daidai ne a aljihunsa. Bambancinsa da falken da muka ambata shi ne, falke bayan raƙuminsa yake ji wa ciwo, shi kuwa mai gingimari bayan da yake ji wa ciwo na jama'a ne, ba shi zai yi jinya ba.

Har ma ba kwalta kaɗai ke biya ba. Motar da ta yi nauyi fiye da kima birki ba ya riƙe ta a gangara, taya takan fashe, sifirin yakan karye. In ta mutu da dare a tsakiyar hanya, alamarta ƴan rassan itace ne da karen mota ya jera, motar fasinja ta taho da gudu ta afka mata. Motocin cin kasuwa namu na karkara kuwa kowa ya sani: buhuna a ƙasa, awaki a tsakiya, mutane a bisa suna lilo da ƙafa. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki kusa da Damagaram a 2011, tankokin mai sun ƙaru a hanya mai lamba 1. A watan Mayu 2019 wata tanka ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai, mutane suka taru da jarkoki suna ɗibar mai, wuta ta tashi, aƙalla mutum 55 suka rasu a daren, wasu suka cika daga baya a asibiti. Muna roƙon iyaye su gaya wa yara, in tanka ta faɗi gudu ake yi. A 2014 an sabunta dokar tuƙi, an kafa hukumar kiyaye haɗari, ANISER. Amma jandarma ba zai tsaya a kowace kwana ba, kuma yaron da aka saya wa babur yau ya fara kabu-kabu gobe ba wanda ya koya masa ko hannun da ake bi.

Jirgin ƙasa da zai ɗauke wa kwalta wannan nauyi, tun 1936 ake jiransa. Tsakanin 2014 da 2016 an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, kilomita wajen 140, bai haɗu da na Paraku ba, bai yi dakon komai ba. A 2021 Najeriya ta aza harsashin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, wato tsohuwar hanyar gyaɗa. Sannan ga abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023: ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe gadar Gaya, aka rufe iyakar Najeriya. An janye takunkumin a watan Fabrairu 2024, ta Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma har shekarar ta ƙare babbar mota ba ta hau gadar Gaya ba, mutane da kwalekwale suke ƙetarewa kamar kafin 1958. Kaya suka koma bi ta Lome da Burkina, a ayari, da rakiyar soja. Nisa ya ƙaru, jira ya ƙaru, kowa ya ji a farashin shinkafa. Mota mai jiran rakiya wata guda kuwa, ba sai an gaya muku irin lodin da mai ita zai so ya yi mata ba.

Tamu hanyar

Duk wannan lissafi ya shafi ƴar hanyar burjin da ta haɗa garinmu da kwalta, har ya fi shafarta. Kwalta tana da fata mai hana ruwa shiga, burji ba shi da ita. In an yi ruwa mai yawa, burji yakan yi laushi kamar tuwo na ƴan sa'o'i. Mota mai ƙafa goma guda ɗaya, cike da buhunan aya ko wake ko taki, in ta bi shi a wannan lokaci, za ta bar kwari biyu da ruwan gobe zai bi ya mai da su kwazazzabo. In ta jira rana ta busar da shi, wucewa za ta yi ba tare da ta bar komai ba. Wannan ne dalilin shingen damina da TP ke sawa a hanyoyin burji tun zamanin Nasara: ƙarfe guda a bakin hanya da mai gadi, in an yi ruwa a rufe wa manyan motoci sai ƙasa ta sha iska. Dattawa sun san shi. Ba ya hana babur, ba ya hana amalanke, ba ya hana motar da ta ɗauko mai naƙuda.

Tun da aka kafa kwaminoni a 2004, kula da hanyoyin karkara yana cikin ayyukan da aka ba su, sai dai kuɗin da ke hannunsu ba ya yin ko kilomita biyu na sabon burji. Kuɗin da ƴan ci-rani ke aikowa daga Yamai da Legas da Agadas da Libiya shi ma ba zai sayi injin ba. Abin da zai iya shi ne tifa kaɗan ta marmara a wuraren da suka zaizaye, da siminti a gyara bakin shimfiɗar da ke cikin ƙorama, da abincin ƴan gayyar da za su yashe kwalbatoci su buɗe magudanan gefe kafin ruwan farko. Wannan gayya ba ta gardi ba ce, ba kuma motar kwamandan za ta bi ba. Shingen kuwa ba a kafa shi da ka, sai da izinin hukumar kwamin da sanin jandarma, in ba haka ba mu ne za mu zama masu tare hanya.

Inda gizo ke saƙa shi ne manyan motocin da ke shigowa garin nan lodi ranar kasuwa, rabinsu na ƴan ƙungiyar nan ne ko na surukansu, kayan da ke ciki kuma namu ne, mu muke matsa wa direba ya ƙara buhu biyar. Buhu mai kilo 100, motar ton 10 buhu 100 ne lodinta, kowa ya iya ƙirgawa ba sai da ma'auni ba. Mai gadin da za a sa dole ya zama wanda zai iya ce wa alhaji ya jira azahar, kuma a tsaya masa in alhajin ya kai ƙara. Wanda zai riƙe mabuɗin da abin da za a riƙa ba shi a watannin damina huɗu suna hannun mai gari da dattawa. Na ci-rani su aiko da ra'ayinsu ta hannun wakilansu kafin watan Mayu ya kama.